Daren Muzdalifa da Lafiyar Mota: Ayyukan da Mai Mota Zai Iya Yi a Gida

Jawabinmu na yau ya shafi mota ne, musamman irin hidimar da mai ita zai iya yi mata da hannunsa a ƙofar gidansa, ba sai ya kai ta gareji ba. Za mu kuma taɓo ƙananan motocin nan masu ƙarfin gudu da samari ke sha'awa, watau motocin tsere da danginsu. Amma da yake ba a sanin ƙarfin jaki sai an aza masa kaya, bari mu fara da wata hanya wadda ta daɗe tana gwada ƙarfin motoci, ita ce hanyar da ta tashi daga Arfa zuwa Muzdalifa.

Kamar yadda alhazai suka sani, Muzdalifa fili ne da ke tsakanin Arfa da Mina. Ran 9 ga watan Zulhajji, da zarar rana ta faɗi, dukan mahajjata sukan taso daga Arfa su nufo wannan fili, inda za su haɗa sallar Magariba da ta Lisha, su kwana, su kuma tsinci tsakuwoyin jifa. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba. A ranar da babu Hajji, direba zai yi ta cikin 'yan mintoci kaɗan. Amma a wannan dare jama'ar da ke kan hanyar ta wuce misali: a Hajjin 2012 mahajjata sun haura miliyan 3, a na 2024 kuwa sun haura miliyan 1 da dubu 800. Dubban motocin safa ke ɗauko su, kuma duka a lokaci guda suke so su tashi. Saboda haka tafiyar mintoci takan koma ta sa'o'i, mota ta matsa taku biyar ta tsaya, inji yana ta aiki, na'urar sanyaya ɗaki tana ja, ga kuma kwalta da duwatsu suna mayar da zafin da suka sha tun safe.

Hukumomin Sa'udiyya sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rage wannan wahala. Sun hana ƙananan motoci shiga wuraren ibada a kwanakin Hajji, sun yi wa masu tafiya a ƙasa hanyoyi na dabam, kuma a 2010 suka buɗe jirgin ƙasa mai tashoshi 9, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina. Duk da haka yawancin alhazai a mota suke tafiya. A Hajjin 2023 alhazan Indunisiya masu yawa sun kai har tsakar rana a Muzdalifa suna jiran motocin da cunkoso ya tsare. A irin wannan hanya, mota guda ɗaya tak idan ta mutu, duk na bayanta sun tsaya ke nan, da tsofaffi da marasa lafiya da ke cikinsu. Har ila yau, da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, lokacin Hajji yana zagaya dukan yanayin shekara cikin shekaru kamar 33. A tsakiyar shekarun 1980 ya faɗo cikin tsananin zafi, ya kuma sāke faɗowa a shekarun baya-bayan nan, har ma a watan Yuni na 2024 zafin Makka ya haura digiri 51.

To, me ke kashe mota a wuri irin wannan? Mutane da yawa suna zaton gudu ne kaɗai ke wahalar da inji, alhali kuwa tsayuwa cikin zafi ita ma tana gasa masa aya a hannu. Dalili shi ne, daga cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya tayoyi bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwan lagireto ya kwashe shi. Idan mota tana gudu, iskar da take karo da ita ce ke sanyaya lagireto. Idan ta tsaya, babu mai wannan aiki sai fanka kaɗai. Saboda haka fambel da ya saki, ko tiyon da ya tsage, ko murfin lagireto da robarsa ta mutu, ko ƙurar da ta toshe idanun lagireton, kowannensu ya isa ya sa ruwa ya tafasa. Ruwa kuwa in ya tafasa ya ƙone, sai gaskit ya bi shi, daga nan kan inji ya lanƙwashe. Dukan waɗannan ƙananan abubuwa ne da ido ke iya gani, hannu ke iya taɓawa, tun mota tana gida. Cunkoson Kano ko na Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗan'uwan na Muzdalifa ne, sai dai a ce wani ya fi wani.

Bari mu ɗauki ayyukan ɗaya bayan ɗaya, mu fara da ruwa, tun da shi muka ambata. Ka'ida ta fari ita ce, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin lagireto yana danne shi, har ya kai kimanin digiri 120 bai tafasa ba. Wanda ya buɗe murfin a wannan hali, nan take ruwan zai juye tururi ya feso masa a fuska da hannu. A bari sai da safe, inji ya huce sarai. Sa'an nan a duba yawan ruwan, a dubi launinsa. In ya yi ja kamar ruwan kududdufi, tsatsa ce ke cin injin daga ciki. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishiri-gishirin da ke daskarewa a cikin bututu kamar yadda yake yi a gindin buta. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji da ake sayarwa cikin galan, wanda ke hana tsatsa, yake kuma ƙara jinkirta tafasa. Sai dai a lura, wannan ruwa guba ne, ga shi kuma da zaƙi-zaƙi, don haka a kawar da shi daga inda yara da dabbobi za su kai. Bayan haka a matsa tiyo da yatsu: in ya yi tauri kamar ƙaho, ko ya yi laushi kamar tsumma, ko ya kumbura kusa da bakinsa, lokacin canza shi ya yi. A danna fambel a tsakiyarsa, a duba ko ya saki ko ya tsattsage.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu wadda ya kamata a yi tsokaci a kanta. Cikin hanyar ruwan inji akwai wani ɗan bawul da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗauki zafin da ya dace da shi, sa'an nan ya buɗe. Da yawa akan cire shi da zarar mota ta iso daga Turai, a ce wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ba haka abin yake ba. Injin da bai kai zafinsa ba yakan sha mai fiye da kima, ya kuma ci kansa da wuri, balle motocin zamani da kwamfuta ke auna musu mai gwargwadon zafin ruwa. Idan bawul ɗin ya lalace, a sa sabo. Idan kuwa lafiyarsa lau amma mota tana zafi, to, ciwon yana wani wuri, can ya kamata a neme shi.

Sai kuma baƙin mai, wanda shi ne jinin inji. Aikinsa uku ne: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kwashe zafi, yana kuma wanke dauɗa. Sau ɗaya a mako a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sāke zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun nan. Ƙarancinsa yana sa inji ya buga, yawansa kuma yana sa ya yi kumfa ya fasa roba. In aka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga cikinsa, kada a tada motar sai makaniki ya gani.

Juye ma ba ya gagarar mai mota. A tada inji na 'yan mintoci don man ya saki jiki, a kashe, a ja birkin hannu, a sa duwatsu ko katako a tare tayoyi. A ajiye kwano mai faɗi a ƙasa, a kwance noti da sifanar da ta yi masa daidai, a bar man ya tsiyaye sarai. A cire tsohuwar matatar mai, a shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a ɗaura ta da hannu kawai. A mayar da noti da sabon wasa, kada a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, domin in haƙoransa suka cinye, aikin minti talatin ya zama na kwana uku. A zuba sabon mai gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, a tada inji, a tabbata jar fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Game da kaurin man, tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 sun saba da mai kauri, mai lamba 20W-50. Motocin zamani kuwa ramukan da mai ke bi a cikinsu ƙanana ne, da yawansu sai mai tsinkakke irin 5W-30. Littafin mota shi ne alƙali a nan, ba mai shago ba. Kamfanoni sukan faɗi tsawon tafiyar da za a yi kafin juye, amma sukan kuma ce a rage shi idan mota tana aiki cikin ƙura da zafi da cunkoso, kuma wannan shi ne halin da motocinmu ke ciki kullum. A guji man da ake aunawa a kwalabe a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba. Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, gama kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawan gaske. A zuba shi a galan a kai wa masu karɓarsa.

Matatar iska ita ce hancin mota. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari, takan toshe cikin 'yan makonni. A ciro ta a ɗaga ta sama a kalli rana ta cikinta. In haske bai ratso ba, a canza. Kada a wanke ta takarda da fetur ko ruwa, kada kuma a tafi da mota babu ita ko da na yini ɗaya ne, domin ƙura da baƙin mai in suka haɗu sun zama kamar dutsen niƙa a jikin fistin. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu, 2023, ba wanda ke bukatar a gaya masa darajar lita guda. Matata mai tsabta, da fulogi masu lafiya, da taya mai isasshiyar iska, duk suna rage shan mai.

Batir kuwa, mutanen ƙasashen sanyi suna kuka da hunturu, mu kuwa zafi ne ke cinye mana shi. A wanke farin garin nan da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure wayoyi tam, a shafa ɗan giris. In irin wanda ake buɗewa ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai. Ma'aunin wuta zai nuna kimanin 12.6 a cikakken batir idan inji a kashe yake, ya haura zuwa wajen 14 idan an tada shi. Wajen cirewa a fara da wayar da ke da alamar ragi, wajen mayarwa kuma a ƙare da ita. Kada a kusanto shi da sigari ko ashana, domin iskar da ke fita daga cikinsa tana kamawa da wuta.

Yanzu mun zo kan abubuwa biyu da rai ke rataye a kansu, watau birki da taya. Inji in ya mutu, asarar dukiya ce da ɓata lokaci. Birki in ya ƙi, sai dai abin da Allah ya kiyaye. A watan Maris na 2023, cikin azumi, wata motar safa ɗauke da masu zuwa Umra ta yi karo da gada a lardin Asir na Sa'udiyya ta kama wuta, mutum 20 suka rasu, kuma rahotanni sun danganta abin da matsalar birki. Man birki yana da wata ɗabi'a: yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha laima yana iya tafasa tun daga wajen 155. Idan ya tafasa a gangare, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar kuwa ba ta ko rage gudu ba. Saboda haka ne ake so a canza shi duk shekara biyu. Mai mota ya riƙa duba yawansa a ɗan tulunsa. In yana raguwa da sauri, akwai inda yake zuba. In birki yana ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, takalmansa sun cinye.

Taya kuma a auna iskarta da safe kafin a yi tafiya, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Wasu sukan rage iska a lokacin bazara don tsoron kada taya ta fashe, alhali kuwa tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke lanƙwashewa tana ɗaukar zafi har ta tarwatse. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba, shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi game da tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su. Kada kuma a manta da safaya.

To, ina motocin tsere suka bambanta? Duk abin da muka faɗa ya shafe su, sai dai su ba su da haƙuri kamar sauran. Injinsu yana juyi da sauri, an kuma cusa shi cikin ƙunci, saboda haka zafi yana taruwa a ƙarƙashin bonet, kuma kuskure kaɗan a wajen mai ko ruwa yana jawo babbar ɓarna. Da yawansu suna da na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa don ta tura wa inji ƙarin iska. Wannan na'ura tana yin zafi ƙwarai, don haka bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi aiki a tsaye kamar minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, kada man da ke cikinta ya ƙone. Suna kuma bukatar fetur mai inganci, ga su kusa da ƙasa, jak ɗin da aka saba da shi ba ya shiga ƙarƙashinsu, kuma in aka ɗaga su ba a inda kamfani ya nuna ba, sai bodi ya lotsa. Abin lura shi ne, gwanayen tsere na gaskiya su ne suka fi kowa sanin cikin motarsu. Gasar nan ta Paris zuwa Dakar, wadda tun zagayenta na farko a 1979 ta ratsa Agadas da Yamai, wadda kuma aka mayar da ita Sa'udiyya a 2020, tana da wasu zango da ba a yarda makanikai su bi 'yan tsere ba. Direba da abokin tafiyarsa su ne za su kwana suna gyara. Haka nan Peugeot 504 da ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, juriya ce ta ba ta nasara a kan hanyoyin da suka karya motocin da suka fi ta gudu.

Duk da haka, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai ayyukan da ya kamata mai mota ya bar wa masu sana'a: buɗe kan inji, gyaran giya da kuloci, canza bel ɗin da ke daidaita bawul da fistin, buɗe hanyar man birki, da duk abin da ya shafi jakar iskar nan da ke kare direba a lokacin haɗari. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai 'yan shekaru bayan haka, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona ƙaramar na'ura ta karanto abin da kwamfutar motar ta gani. Mallakarta yana da amfani, ko don mutum ya je gareji da sanin abin da ke damun motarsa, ya kuma gane makaniki na ƙwarai daga mai lalube. Sai dai na'urar tana nuna inda ake jin ciwo ne kawai, gano musabbabinsa aikin gwani ne. Akwai kuma ka'idoji biyu da ba a sassauci a kansu. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a kan ƙasa mai tauri. Bulon siminti yana iya farfashewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Kada kuma a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin a cikin hayaƙinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, daga barcin kuma sai mutuwa.

Malaman hadisi sun ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wannan tafiya daga Arfa zuwa Muzdalifa a Hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira. Yana bisa taguwarsa Ƙaswa, Usama ɗan Zaidu yana bayansa. Ya ja akalarta ya tanƙwaso kanta don kada ta yi gaggawa, yana yi wa jama'a nuni da hannu su natsu, amma duk inda suka iso tudu sai ya sassauta mata don ta hau ba tare da wahala ba. A cikin wannan akwai tausayin abin hawa, akwai kuma kiyaye haƙƙin waɗanda ake tafiya tare da su, kuma duka biyun suna kan mai mota a yau kamar yadda suke kan mai raƙumi a da. Motar da ba a kula da ita ba, ba mai ita kaɗai take cuta ba, har da fasinja, da mai tafiya a ƙasa, da wanda ke biye da ita.

Saboda haka shawararmu ita ce, mai mota ya keɓe rabin sa'a a kowane mako, ko da safiyar Asabar ce, ya duba ruwa, da baƙin mai, da man birki, da batir, da tayoyi, da fitilu. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da ya yi juye da adadin kilomitar da mota ta nuna. In yana da ɗa ko 'yar da suka tasa, ya kira su su riƙe masa sifana, su ma su koya. Wanda kuma ke shirin doguwar tafiya, ya yi wannan dubawa tun da sauran kwanaki, gama Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai alhazanmu lafiya ya komo da su lafiya. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.